ILMIN ZAMAN JAMA'A: DARASI DAGA ABATUWAR JOS

A garin Jos, hedkwatar Jihar Filato, akwai wata unguwa ta wajen Giring wadda kowa ke kira Abatuwa. Sunan ya samo asali ne daga babbar mayankar gwamnati da ke wurin, inda ake yanka dabbobi domin ciyar da mutanen gari. Kalmar kanta baƙuwa ce. Daga Faransanci ta shiga Ingilishi, sa'an nan ta faɗo bakin Bahaushe ya lanƙwasa ta yadda ta yi masa daɗi, ko da yake yana da nasa kalmomin tun da can, watau kwata da mayanka. Da gidaje da rumfunan kasuwa suka kewaye wurin, sai sunan ma'aikata ya zama sunan unguwa.

Galibin masu zuwa Abatuwa nama ne ke kai su, da sun saya kuwa sai su kama gabansu. Amma ga mai son ya gane yadda 'yan Adam ke zaune da juna, da wuya ya sami makarantar da ta fi wannan wuri. Yawancin abubuwan da ake koya wa ɗalibi a shekararsa ta farko a sashen ilmin zaman jama'a na Jami'ar Jos, ana iya ganinsu ƙuru-ƙuru tsakanin kara da teburin mahauci. Sanin waɗannan abubuwa kuwa yana da muhimmanci ƙwarai ga garin da ya ɗanɗana daɗin zaman tare, ya kuma ɗanɗana ɗacin rabuwa.

MENE NE WANNAN ILMI?

Ilmin zaman jama'a, wanda a jami'o'i ake kira soshiyoloji, shi ne binciken yadda mutane ke zama ƙungiya-ƙungiya, da ƙa'idodin da ke tafiyar da zaman nasu, rubutattu da waɗanda ba a rubuta ba, da abin da ke haɗa kansu, da kuma abin da ke raba su. Likita jikin mutum ɗaya yake dubawa. Shi kuwa masanin zaman jama'a, abin da ke tsakanin mutum da mutum shi ne abin dubawarsa. Idan saurayi guda ya rasa aikin yi, ana iya cewa ragwancinsa ne ko rashin sa'a. Amma idan samari masu ɗimbin yawa suka rasa aiki lokaci guda, kamar yadda aka gani a Filato sa'ad da haƙar kuza ta durƙushe, har farashinta ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985, to, sai a bar zancen halin mutum ɗaya a koma ga tsarin da kowa ke ciki.

Masana da yawa suna ɗaukar Ibn Haldun a matsayin wanda ya fara share wannan fage. An haife shi a Tunis a 1332, ya rasu a Alƙahira a 1406. A cikin littafinsa Muƙaddima, wanda ya rubuta a 1377, ya bayyana cewa mutum ba ya iya ciyar da kansa ko tsare kansa shi kaɗai, tilas sai da taimakon 'yan'uwansa. Ya kuma yi dogon bayani a kan asabiyya, watau ƙarfin haɗin kai da ke sa jama'a su kafa daula, wanda in ya yi rauni daular ta rushe.

A ƙasashen Turai, wani Bafaranshe mai suna Auguste Comte ne ya raɗa wa fannin sunan da aka san shi da shi yanzu, wajen 1838. Bayansa aka yi manyan malamai uku waɗanda har gobe da su ake fara karatu, su ne Karl Marx da Max Weber, dukkansu Jamusawa, da Emile Durkheim na Faransa. Abin da ya tayar musu da hankali shi ne ganin yadda masana'antu ke kwashe mutane daga ƙauyuka suna zuba su a birane, inda ba dangin iya ba na baba. Tambayarsu ita ce, me zai riƙe irin waɗannan mutane wuri ɗaya? Wannan tambaya kuwa kamar domin Jos aka yi ta.

YADDA AKA TARA MUTANEN JOS

Darasin farko shi ne ma'anar al'umma. A wurin masana, taron mutane kawai bai zama al'umma ba, sai in suna zaune wuri ɗaya, suna cuɗanya a kai a kai, kowa yana da abin da yake tsammani daga ɗan'uwansa. Fasinjojin da ke jiran mota a tasha taro ne, da motar ta zo shi ke nan. Mahautan da suka shekara ashirin suna aiki a kwata ɗaya, suna zuwa suna da jana'izar juna, su ne ake ce wa ƙungiya.

Kafin zuwan Turawa, kewayen Jos mazaunin Berom da Anaguta da Afizere ne, kowace ƙabila da ƙauyukanta da gonakinta. Kuza ce ta sake wa wurin kama. Kamfanin Neja ya aiko da wani injiniya mai suna Laws, wanda ya kafa sansani a Naraguta a 1904, daga nan kamfanoni suka yi ta kwararowa. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Jos a 1914, a 1927 kuma aka haɗa garin da babbar hanyar jirgi ta Kafanchan. Leburori da 'yan kasuwa suka zo daga ƙasar Hausa da Barno, akawuna da masu sana'ar hannu daga ƙasar Ibo da ta Yarbawa, waɗansu ma daga Saliyo da ƙasar da ake kira Gana yanzu. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1942 zuwa 1944, an kwaso dubban talakawa daga lardunan Arewa a kan tilas aka kawo su aikin kuza. Fulani makiyaya su ma suka hau dutsen da shanunsu, saboda ciyawa da ruwa da ƙarancin ƙudan tsando.

Duk waɗannan bakuna suna bukatar abinci, ga shi kuwa lebura ba ya noma ba ya kiwo. Ta haka fawa ta kafu a Jos, tun garin yana 'yan bukkoki. Wani masani Bajamushe, Ferdinand Tönnies, ya rarrabe zama iri biyu a 1887. Akwai zaman ƙauye, inda jini da al'ada ke haɗa mutane, akwai kuma zaman birni, inda bukata da ciniki ke haɗa su. Jos tun farkonta irin ta biyu ce. Wani Ba'amurke, Leonard Plotnicov, ya zauna a garin a farkon shekarun 1960, ya bi tarihin rayuwar mutum takwas daga ƙabilu dabam dabam, ya wallafa bincikensa a 1967. Abin da ya gani shi ne, mutumin Jos yana iya zama ɗan birni sosai ba tare da ya saki ƙauyensu da ƙungiyar ƙabilarsa ba. Watau zaman nan iri biyu suna iya haɗuwa a zuciyar mutum guda.

DAGA RUGA ZUWA TUKUNYA

Darasi na biyu shi ne rabon aiki, kuma babu inda ya fi fitowa fili kamar a sha'anin nama. Makiyayi ne ya yi shekaru yana renon sa a ruga. Falke ya saya a kasuwar ƙauye, ya ɗauki ɗan kora ko ya yi shatar mota zuwa kara, kamar ta Bukuru. A kara akwai dillali, wanda ya san mai sayarwa ya san mai saye, yana cin la'adarsa. Mahauci ya saya ya kai mayanka. Can akwai masu kayar da sa, da mai yanka, da masu fiɗa, da masu wanke kayan ciki, da masu babbaka kai da ƙafa, da 'yan dako. Ma'aikacin dabbobi na gwamnati ya duba huhu da hanta. Daga nan nama ya watsu, wani ga masu tebur a kasuwa, wani ga mai tsire da mai balangu, wani ga mata masu sayar da abinci. Fata ta tafi wurin majema ko masu ganda, ƙashi da ƙaho su ma suna da masu sayensu.

Uwargidan da ta sayi kilo guda ba ta san ko ɗaya daga cikin waɗannan mutane ba, in ban da wanda ya auna mata. Mai yiwuwa ne ba ta jin harshen makiyayin, ba su kuma haɗa addini ba. Duk da haka miyarta ta dogara a kansa, shi ma kuɗin gishirin shanunsa da tufafin iyalinsa daga jakarta suka fito.

Wannan shi ne abin da Durkheim ya bayyana a littafinsa na 1893. Ya ce haɗin kan jama'a iri biyu ne. A ƙaramin ƙauye mutane suna haɗuwa ne domin sun yi kama da juna, sana'arsu ɗaya, bautarsu ɗaya. A babban gari kuwa bambancinsu ne ke haɗa su, domin kowa ya ƙware a abu guda, ya bar sauran bukatunsa a hannun waɗansu. Ya kwatanta wannan da gaɓoɓin jiki, inda ido ba ya aikin kunne, amma in ɗaya ya sami matsala jiki duka ya ji. Hausawa sun riga sun taƙaita zancen da suka ce zaman duniya cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne. Abin da masani ya ƙara shi ne nuna cewa irin wannan haɗin kai yana da ƙarfi ta wajen arziki, amma yana bukatar ƙa'idodin da kowa ya yarda da su, in ba haka ba yana da saurin tsinkewa.

GADO DA HAYE

Darasi na uku shi ne matsayi. Kowane mutum yana riƙe da matsayi fiye da ɗaya, kowane matsayi kuma da aikin da jama'a ke tsammani daga mai shi. Mutum guda yana iya zama mahauci a kwata, uba a gida, ladan a masallacin unguwa, ma'aji a ƙungiyar sana'a. Wani lokaci matsayin nan sukan yi karo. Idan surukinsa ya zo sayen nama, ciniki yana cewa ya karɓi kuɗinsa cif, kunya tana cewa ya ƙara masa tsoka biyu.

Masana sun raba matsayi kashi biyu, wanda aka haifi mutum a cikinsa da wanda ya nema da ƙoƙarinsa. Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan rabo, domin ya san ɗan gado ya san ɗan haye. Wani masani ɗan ƙasar Jamaika, M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ya rubuta yadda mutanen wancan zamani ke jera sana'o'i hawa-hawa. Sarakuna da masu sarauta ne a sama, sa'an nan malamai da attajirai, sa'an nan manoma da sauran masu sana'a. Mahauta kuwa, a lissafin lokacin, suna cikin waɗanda aka ajiye can ƙasa, har ma akan yi musu wuyar aure a waɗansu gidaje, alhali babu biki ko suna ko Salla da za a yi ba tare da su ba.

Irin wannan jerin shi ake kira hawa-hawan jama'a, kuma a kansa Marx da Weber suka sha bamban. Marx ya ce abin da ke raba mutane aji-aji shi ne mallakar abin samar da dukiya. A ma'auninsa, babban rabo a kwata yana tsakanin mai jarin da ke sayen shanu goma ne da yaron da ke fiɗa a biya shi da ɗan kuɗi ko yankin nama. Weber ya yarda da wannan, amma ya ce dukiya dabam, daraja dabam, iko kuma dabam. Mahauci yana iya fin malamin makarantar allo kuɗi nesa ba kusa ba, amma in an zo ɗaurin aure malamin ne za a shimfiɗa wa buzu a gaba.

Sai dai hawa-hawan nan ba dutse ba ne. Zaman birni da ilmin zamani da kuɗi sun sassauta shi ƙwarai. Yau 'ya'yan mahauta suna cikin likitoci da lauyoyi da malaman jami'a, mutanen da iyayensu ba su taɓa riƙe wuƙar fawa ba kuma sun shiga sana'ar, har da waɗanda ba Hausawa ba. Wannan hawa da sauka shi masana ke kira motsin matsayi, kuma da shi suke auna ko al'umma a buɗe take ko a rufe.

TARBIYYA DA ƘA'IDOJI

Ba a haihuwar mutum da sanin yadda ake zama da jama'a, koya masa ake yi. Wannan koyo shi ne darasi na huɗu, kuma ana farawa daga gida, sa'an nan makaranta da masallaci ko coci da abokan wasa da wurin sana'a su ɗora. Yaron da aka kai kwata yana farawa ne da ɗebo ruwa da riƙe ƙafar dabba. A hankali ya koyi wasa wuƙa, da fiɗa ba tare da huda fata ba, da ƙiyasta nauyin sa da ido. Amma tare da wannan yana koyon waɗansu abubuwa da ba wanda ya zaunar da shi ya karanta masa, kamar yadda ake gaida maigida, da yadda ake taya ciniki, da wanda ake ba bashi da wanda ake hanawa.

Mahautan ƙasar Hausa suna da al'adun da suka keɓanta da su a cikin babbar al'adar Hausawa. Kalangu kiɗansu ne, dambe wasansu ne tun asali, haka nan hawan ƙaho. Irin wannan ita ake kira ƙaramar al'ada, kuma amfaninta shi ne ta sa 'yan ƙungiya su ji su ɗaya ne, su yi alfahari da abin da waɗansu ke rainawa.

Ƙa'idodin zama su ma hawa-hawa ne. Akwai na ladabi, waɗanda in mutum ya karya sai dai a yi masa dariya ko a harare shi. Akwai masu nauyi, waɗanda suka shafi addini da mutunci. Misali, Musulmi ba ya cin mushe, sai abin da aka yanka da sunan Allah, saboda haka mahaucin da aka kama yana sayar da mushe ya gama sana'a a wannan kasuwa, ko da hukuma ba ta ji labari ba. Sa'an nan akwai doka, wadda gwamnati ta rubuta ta kuma tanadi hukuncin karya ta. Dariya da tsegumi da ƙaurace wa mutum da tara da ɗauri, duk hanyoyi ne da jama'a ke bi su mai da mai kauce wa hanya kan turba. A gari irin Jos, inda abin da wani ke ci haramun ne ga wani, zaman lafiyar kasuwa ya dogara ne ga kowa ya san iyakar ɗan'uwansa ya kiyaye ta.

SARKIN FAWA DA LIKITAN DABBOBI

Darasi na biyar ya shafi iko. Weber ya tambaya, me ya sa mutane ke bin umurnin wani ba tare da an sa musu bindiga ba? Ya ce dalilai uku ne. Ko dai domin haka aka gada, ko domin kwarjinin shugaban, ko kuwa domin doka ce ta ba shi muƙamin.

A garuruwan Hausa, Sarkin Fawa shi ne misalin iko na gado. Shi ke sasanta rigimar mahauta, shi ke tsaya musu a gaban sarki, a da ma ta hannunsa ake tara harajin sana'a. Ana jin maganarsa ne saboda gidan da ya fito da kuma rawanin da aka naɗa masa. Likitan dabbobi kuwa misalin iko ne na doka. Ko ɗan wane ne, ko daga wace ƙabila ya fito, in ya ga alamar tarin fuka a huhun saniya yana da ikon hana sayar da naman, domin takardar shaidarsa da dokar da ta kafa ofishinsa. In an yi masa canji gobe, ikon ya koma ga wanda ya gaje kujerar.

Filato tana da tsohon tarihi a wannan fanni, domin a Vom, kudu da Jos, aka kafa cibiyar binciken cututtukan dabbobi a 1924, musamman saboda yaƙi da bushiya, cutar da ta sha ƙare garkunan Fulani, wadda sai a 2011 aka tabbatar an kawar da ita daga duniya. A mayanka ta zamani iko biyun nan suna aiki kafaɗa da kafaɗa, ga kuma ƙungiyar mahauta mai zaɓaɓɓun shugabanni. Inda suka fahimci juna jama'a su ci lafiyayyen nama. Inda suka saɓa, ko aka sayi ma'aikaci da toshiyar baki, sai naman da ya kamata a binne ya biyo ta bayan gida ya shiga kasuwa.

BASHI DA AMANA

Abin da ke riƙe da dukkan wannan gini shi ne amana. Yawancin cinikin shanu ba a rubuta shi, sau da yawa ma ba a biya nan take. Mahauci ya karɓi sa da safe, sai ya sayar da nama sa'an nan ya kawo kuɗi. Wani masani mai suna Abner Cohen ya bincika wannan a unguwar Sabo ta Badun a farkon shekarun 1960, ya wallafa sakamakon a 1969. Ya nuna yadda fataken Arewa ke danƙa shanunsu a hannun masu masauki Hausawa, su kuma su bayar da su bashi ga mahauta Yarbawa, ba takarda ba sa hannu. Abin da ya sa tsarin ya yi aiki shi ne maigida ya san halin kowane mahauci, kuma wanda ya ci amana sau ɗaya labarinsa zai game kara kafin faɗuwar rana, ba mai sake ba shi ko akuya.

Masana na baya-bayan nan suna kiran irin wannan yarda da sunan jarin zumunci, domin tana aiki kamar kuɗi. Ana shekaru ana tara ta, ana kuma iya ɓarar da ita a yini guda.

SA'AD DA IGIYA TA TSINKE

Darasi na ƙarshe shi ne rikici da sauyi, kuma a nan ne Jos ta biya kuɗin makaranta da tsada. Tun zamanin Turawa an raba garin. Akwai wajen da Turawa ke zaune, akwai yankin da ke ƙarƙashin dokar bariki inda mutanen Kudu suka fi yawa, akwai kuma wanda ke ƙarƙashin En'e inda Hausawa suka fi yawa. Bayan samun mulkin kai sai gardama ta ƙara zafi a kan wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo, domin takardar shaidar asali ita ce mabuɗin aikin gwamnati da gurbin karatu da muƙamin siyasa. Berom da Anaguta da Afizere suna cewa ƙasar kakanninsu ce. Hausawa da Fulanin Jos suna cewa kakanninsu ne suka raya garin, kuma ba su da wani gida sai shi.

Bayan ƙirƙiro Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa a 1991, an yi tarzoma a watan Afrilu na 1994. A ranar 7 ga Satumba, 2001, wata ta ɓarke wadda ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta ta ci rayuka wajen 1,000 cikin mako guda. Babbar kasuwar Taminus ta ƙone a watan Fabrairu na 2002. An sake zubar da jini a Nuwamban 2008 da Janairun 2010. Musulmi da Kirista duka sun binne nasu.

Masanin zaman jama'a yana lura da abin da ke biyo bayan irin wannan. Mutane sukan kasu gida biyu, mu da su. Maƙwabcin da aka sani da sunansa da halinsa sai ya koma ɗaya daga cikinsu kawai. Iyalai da yawa sun sayar da gidajensu ko sun yi musaya, suka koma inda masu addininsu suka fi yawa, har aka sami unguwannin da wani ba ya shiga in rana ta faɗi. Ƙananan kasuwanni suka tsiro, kowa yana saye a wajen nasa. A rikicin 2010 har saƙonni aka yi ta yaɗawa ta wayar hannu cewa an sa guba a abincin da ɗaya ɓangaren ke sayarwa. Ji-ta-ji-ta irin wannan kai tsaye take sarar igiyar nan da ta taso daga ruga zuwa tukunya, domin wanda ba ka yarda da shi ba, ba ka cin abin hannunsa. Makiyayi ya yi hasara, mahauci ya yi hasara, uwargida ma ta sayi nama da tsada.

Amma ilmin nan yana binciken inda aka zauna lafiya kamar yadda yake binciken inda aka yi faɗa. Wata masaniya mai suna Jana Krause ta yi nazarin unguwar Daɗin Kowa da ke kudancin Jos, ta wallafa shi a 2018. Unguwa ce ta Musulmi da Kirista, amma ba a yi kashe-kashe a cikinta ba a lokacin da waɗansu unguwanni ke cin wuta. Ta gano cewa dattawa da malaman addinan biyu da ƙungiyoyin mata sun yi ta ganawa, suka ja kunnen samarinsu, suka hana na waje shigowa, suka kuma riƙa bin diddigin kowace ji-ta-ji-ta kafin ta yi girma. Watau zaman lafiyar nan aiki ne aka yi, da tsari da shugabanci. A 2016 Gwamnatin Jihar Filato ta kafa hukuma ta musamman domin gina zaman lafiya, wadda aikinta ya haɗa da irin wannan ganawa tsakanin al'ummomi.

AMFANIN WANNAN SANI

Ilmin zaman jama'a ba ya raba gardamar wane ne mai gaskiya a rikicin ƙasa ko na sarauta. Abin da yake yi shi ne ya nuna wa mai mulki da talaka abin da ke riƙe da gari, domin kada a rushe shi cikin rashin sani. Jami'in da zai tayar da kasuwa ko ya sake wa mayanka mazauni, ya kamata ya san cewa ba rumfuna kaɗai zai taɓa ba, har da bashi da sabo da amanar da aka shekara ana ginawa. Wuraren da mabambantan mutane ke haɗuwa kowace safiya saboda bukata, irin su kara da kwata da tasha da asibiti da makarantar gwamnati, sun cancanci a kula da ruwansu da tsabtarsu da tsaronsu, domin a nan ne ɗan wannan unguwa ke sanin ɗan waccan da suna.

Ga ɗalibai kuma, musamman masu jin Hausa, ya kamata su sani cewa fannin nan ba kayan aro ba ne. Ɗan Nijeriya na farko da ya yi fice a cikinsa, N. A. Fadipe, a kan mutanensa Yarbawa ya rubuta kundin digirinsa a London a 1939. Gado da haye, da kunya, da mutunci, da maigida da bara, da adashi, da gayya, duk abubuwa ne da ke jiran masu bincike da suka tashi a cikinsu. Wanda ya ɗauki alƙalami da littafi ya nufi Abatuwa da asuba, ya zauna ya saurari dillali da mai fiɗa da mai sayar da abinci, zai koma aji da tambayoyin da babu su a littafin da aka rubuta a Turai. Allah Ya zaunar da Filato da Nijeriya baki ɗaya lafiya, amin.